Lemo Ba Ya Ihu

Duk wanda ya koyi aikin asibiti a Tamale a shekarun samun 'yancin kai, harshensa bai manta da Masta Fuseini ba. Shi ke koya mana haɗa magani da yin allura, kuma dokarsa ɗaya ce: ba ka ba majinyaci abin da ba ka ɗanɗana ba. Cokali ne a aljihun rigarsa, inda mutanen kirki ke sa alƙalami. Abin da ya sa muke haƙuri da shi, gwamnati za ta ɗauki ɗaya daga cikinmu zuwa makarantar likita, kuma wanda Masta ya nuna za a ɗauka. Ni kuwa ba abin da nake so a duniya kamar wannan gurbi.

Daga baya na ga makarantun likita a Masar da Sudan har da Ingila. Ko'ina malami zai ce, "Wannan magani yana da ɗaci," ɗalibai su duƙa su rubuta "ɗaci", wai an yi karatu. Masta kuwa sai ya ce, "Buɗe baki!"

Ranar maganin wankin ciki ya jera mu kamar awakin kasuwa. Owusu, ɗan Kumasi, ya ce, "Masta, ni fa cikina lafiya lau."

"Ai shi ya sa. In na ba marar lafiya, kai me ka koya?"

Rannan ne wani babba ya zo daga Akra duba makaranta, ya tarar da aji wayam. Ya ce, "Ina ɗaliban?" Masta ya nuna masa layin bayan gida, ya ce, "Suna bita, ranka ya daɗe."

Da aka aiko da kwandon lemo mu koyi allura a jikinsa kamar yadda Turawa ke yi, Masta ya kai gidansa a Sakasaka, 'ya'yansa suka shanye. Wai lemo ba ya ihu, ta yaya za ka san ka yi ɓarna? Muka koma tsirar junanmu. Wayyo! Ba mai zama daidai a benci.

Ranar jarrabawa duk ajin suka ƙi ba ni jikinsu, don sun san nauyin hannuna. Masta ya kwance tazuge ya ce, "Zo, Yakubu. In kisa za ka yi, fara da ni."

Na yi bisimilla, na rufe ido.

"Buɗe idonka, jaki! Ko mahauci yana duban abin da zai yanka!"

Na soka. Ya yi salati da Larabci, ya zage ni da Dagbanci, ya ƙarasa da Turanci. Wurin ya kumbura, har Masta ya kwanta jinya. Na san na faɗi, amma kunya ta sa kullum nake zuwa gidansa ina gasa masa da ruwan zafi, yana zagina.

Da masu zaɓe suka zo, ya nuna ni da sanda. "Ku tafi da wannan. Hannu irin nasa bai kamata ya zauna kusa da iyalina ba." Suka yi dariya. Ya ce, "Amma yana komawa ya duba ɓarnarsa. Sauran ku koya masa."

Ya rako ni tasha yana ɗingishi, ya ce kada in dawo sai hannuna ya yi laushi. Bayan shekaru na dawo da laushin, na tarar an binne shi.

Allah ya jiƙan Masta, ya yafe masa lemon gwamnati, ya sa kabari ya fi hannuna tausaya masa.