Ƙarfen da Ƙashin Gwaggo Nuriya Ya Ƙi

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu 2024, rai ya yi halinsa a wani asibiti a Yamai. Kin tafi, Gwaggo Nuriya.

Ke kika riƙe ni tun ina goye. Kin san ba na iya kallon idon mutane, shi ya sa a bakin kaskon kifinki na tashar Gaya kike cewa, "Mariama, ke juya kifi, ni in yi surutun." Ranar da na faɗi jarrabawar lakwal, wato makarantar boko, ba ki yi faɗa ba. Tsifar kaina kika yi, har kuka ya ƙare.

Da kabu-kabu ya kayar da ke ƙugunki ya karye, aka ce sai an sa ƙarfe. Sani maƙwabcinmu, mai kai-kawo a ƙofar wani ƙaramin asibiti, ya ce zai samo daga ƙetaren kogi. Ya kawo shi cikin leda yana ƙyalli kamar sabon cokali. Kika ɗaga kina dariya, kika ce, "Wannan ai ya fi ni kyau."

Aka sa miki shi, amma ƙafar ba ta sake ɗaukarki ba. Ƙarfen yana motsi a ciki, wurin ya yi ruwa, zazzaɓi ya ƙi sauka. Likitar da ta ciro shi a Yamai ta nuna mini. Ta ce irin ƙarfen da ake kira titan ne, amma sabonsa da kaushi yake zuwa, da gangan ake yi masa don ƙashi ya tsiro ya kama shi, kamar yadda yaɓe ke kama bango. Wannan tsoho ne. Daga jikin wani aka ciro shi, aka goge kaushin don ya yi kama da sabo.

Sani ya zo zaman makoki, ya ci shinkafar sadakarki. Manya sun ce ƙaddara ce, in yafe. Na yarda da ƙaddara, Gwaggo, amma ban yafe ba. Na ji ya yi wa wani masunci na Tunuga alkawarin irinsa. Ƙarfen yana hannuna. Ranar kasuwa zan ɗora shi a faifai, duk wanda ya tambaya in faɗa masa sunan wanda ya kawo shi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa jinyar ta zama kankarar zunubi, Ya ba mijinki Baba Hasan da ƴaƴanki haƙuri. Sani kuwa, Allah Ya ja kwanansa har ya ji sunansa a bakin kowa.