Kafar Bayan Madafi

Da aka ce za a tashi Birnin Gwari daga tsohon mazauninta a koma bakin titin mota, maza suka yi ta murna kamar an yi musu albishir da kujerar Makka. Wai kasuwa za ta buɗe, motocin Kaduna su riƙa tsayawa, gyaɗa da dawa su daina kwana a rumbu. Ni lokacin na daɗe a ɗakin miji, ina kulle, ba ni da 'ya mace mai yi mini talla, amma har ƙarshen unguwa man gyaɗata ake ci.

A tsohon gari gida jingine yake da gida. Kowace danga tana da 'yar kafa a bayan madafi, wadda mace za ta sunkuya ta shige maƙwabta ba tare da ta taka hanya ba. Maza sun san da ita, suna kau da kai. Ta nan mai ke fita, daddawa ke shigowa, da garwashin wuta, da labari. Gidan da ke jikin namu na wata tsohuwa ne da nake kira Inna. Ita ta koya mini matsar tunkuza, ita ta riƙe ni ranar da na yi ɓari, tun kafin uwata ta ji.

Bature ya zo da masu awo, aka sare daji, aka ja igiya, aka kakkafa turaku. Kowane gida shi kaɗai tsaye, titi gaba, hanya baya, fili a gefe, wai iska ta ratsa, gobara kada ta tsallaka. Aka tara masu unguwa da mahauta da maƙera, kowa ya faɗi inda yake son rumfarsa. Har Fulani an tambaya ta ina shanu za su bi. Mu ko oho. Baturen ban ga laifinsa sosai ba, bai taɓa leƙa bayan madafi ba. To waɗanda suka gurfana gabansa suna “ranka ya daɗe” fa? Da man wa ake yi musu miya?

Da ƙuri'a aka raba filaye. Mu muka faɗo kusa da tasha, Inna da ɗanta can bakin daji.

Na ce wa maigida, “Malam, yanzu ta ina zan riƙa fitar da mai?”

Ya ce, “Wane mai kuma? Ga rumfa na samu a bakin tasha. Ki huta abinki.”

Hutu! Ranar na san ana babbakar giwa ba a jin ƙaurin zomo.

Ba zan yi ƙarya ba, gari ya yi kyau, kasuwa ta cika, Malam ya yi tumbi har ya sayi keke. Ni kuwa na taɓa huda danga na leƙa, na ga titi fetal, maza na kai da kawowa. Na mayar da kara na toshe. Kaskon suyata ya zama wurin shan ruwan kaji. Sai in wuni ban ji muryar mace ba in ba tawa ba, kuma na tsani garin nan tsana mai tsanani.

Na roƙi in je in gaida Inna. Aka ce da nisa, bari damina ta wuce. Damina ta wuce, aka ce bari a gama kaka, ana ciniki.

Wata rana da azahar na kawo masa abinci, yana ba ni labarin yadda motoci uku suka yi lodi a rumfarsa. Ya kai loma, sai ya ce, “Af, na manta ban gaya miki ba. Tsohuwar nan taki Allah ya yi mata rasuwa. Shekaranjiya muka kai ta.”

Na tsaya da buta a hannu. Na ce, “Ta yi jinya?”

Ya ce, “Wai wata biyu tana kwance. Sun ce tana ta cigiyarki.”

Sannan ya miƙo kwano, ya ce in ƙaro masa miya.