Mai Koyon Kukan Ƙaho a Ƙurban

A wurin ajiye motoci na wata kasuwa a unguwar Ƙurban, Lurwanu yana jiran matarsa ta gama sayayya, idonsa na kan wani dattijo a motar gefe. Farar rigar masu kantin magani ce a jikinsa, gemu duk furfura, gilashi a rufe. Yana hura tsinken shan lemo cikin kofin ruwa. Ya ajiye, ya kama karkaɗa leɓe kamar babur ya ƙi tashi. Can ya lumshe ido yana "ba-du-ba-dap", kafaɗa na tsalle.

Lurwanu ya yanke cewa in ba hawan jini ba ne, to abin na ruƙiyya ne. Ya je ya ƙwanƙwasa gilashin.

"Salamat, ya ammi?" in ji shi da Larabci, wato lafiya, baffa? "In kira asibiti?"

Dattijon ya sauke gilashi a fusace. "Ka ɓata min muryar da nake ɗauka a waya. Waƙar jaz ta Turawa nake koyo ta intanet. Malamata ta hana ni furta kalma sai na iya kwaikwayon ƙaho da baki. Yau zan tura mata, in na faɗi ta mayar da ni ajin farko. A gida kuwa Hajiya ta ce in zaɓa, ita ko ƙahon."

Ya saurari abin da wayarsa ta ɗauka, fuskarsa ta saki.

"Ƙwanƙwasar nan taka tana makara kaɗan, daidai yadda ake so a kiɗan jaz. Don Allah maimaita."

Matar Lurwanu ta fito da ledoji, ta same shi a rana yana dukan gilashin motar mutane, mai motar yana ciki yana kukan ƙaho.