Ranar da Inna Ta Shiga Gaɗa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da fuskokin wasu da muka zauna benci ɗaya a makaranta. Amma akwai wata la'asar a tsakar gidanmu na Gwaram wadda ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan. Wannan kam ba zan manta da ita ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

Ni 'yar fari ce. Kakanninmu masu shanu ne da suka zauna suka kama noma. Fulatancin ya tafi tun kafin a haife ni, amma kunyar ta zauna daram. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta ko yarda a kama ta tana kallonsa. Ana yaye ni aka kai ni Dingaya wurin kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, can kuma na yi wayo. Kaka ta sangarta ni, ba na musu. Tare muke cin tuwo a akushi ɗaya, a cinyarta nake barcin rana, in tana yi mini tsifa kuwa sai ta yi ta rera waƙoƙin gaɗa na zamanin ƙuruciyarta har gyangyaɗi ya ɗauke ni. Tana da wani awarwaro na tagulla mai lotsawa a gefe, wanda ba ta rabuwa da shi. In na ji ƙararsa a jikin ƙwarya, na san fura ta kusa.

Ina aji biyu, da farkon damina, Kaka ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Bayan an share makoki aka ɗaure mini 'yan tsummokarana, Baba ya goyo ni a keke zuwa Gwaram, gidan da aka ce shi ne gidanmu.

Kada a ce an zalunce ni, don ba a yi ba. Tuwona ya fi na kowa miya, kayana kullum a wanke suke, tabarmata ce sabuwa a ɗakin. Sai dai matar da ƙannena ke kira Inna ba ta taɓa duban idona ba. In abinci ya nuna, sai ta fuskanci murhu ta ce a zo a ɗauki tuwo. In tana son ruwa, sai ta ce wa iska randa ta bushe. Ƙannena kuwa suna hawa jikinta, suna jan ɗankwalinta, tana ture su tana dariya. Manya sun san wannan kunya ce, har yaba mata suke yi. Ni yarinya ce, abin da idona ya gani shi na sani, kuma abin da na gani shi ne mace mai son 'ya'yanta duka ban da ni.

Sai abinci ya fita raina. In an ajiye mini kwano, in tsakura in ture. Wuyana ya yi tsawo, zanena ya riƙa kwancewa. Aka kai ni wurin malamin asibiti ya duba ya ce bai ga ciwo ba, aka karɓo rubutu na sha, duk a banza. Ba wanda ya ce mini kewa ke damuna, ni ma ban san sunan abin ba.

Lokacin shekarun nan ne da arzikin mai ya fara shigowa, gwamnati na ta buɗe firamare gari-gari. Malamin ajinmu wani saurayi ne ɗan Birnin Kudu, dogo, mai son wasan motsa jiki kamar me. Kowace safiya sai ya fito da mu fili mu yi tsalle, mu miƙe hannuwa, mu ja numfashi mu sake. Dattawan gari har cewa suke yi gwamnati ta rasa abin yi, ta ɗauko ƙato tana biyansa don ya sa yara tsalle-tsalle. Shi kuwa ko a jikinsa. Yakan ce mana lafiya ba a bakin allura kaɗai take ba, yaron da bai yi dariya ba tun safe shi ma majinyaci ne.

In an tashi hutun ƙarfe tara, 'yan mata sukan yi gaɗa a gindin wata tsamiya. Ga wanda bai sani ba, ana tsayawa ne a yi rabin da'ira ana tafi ana waƙa, ɗaya ta shiga tsakiya ta taka rawa, sannan ta juya baya ta saki jiki ta faɗo. Sauran su tare ta, su cilla ta sama ta dira a kan ƙafafunta. Duk daɗin wasan yana wurin faɗowar nan, don ba ka ganin masu tare ka. A Dingaya ba wadda ta fi ni iya faɗowa. A Gwaram kuwa ko an ja ni tsakiya sai in ƙame, bayana ya ƙi lanƙwasa. Na sa a raina cewa in na faɗo ƙasa ce za ta karɓe ni.

Wata ranar Alhamis Malam ya ba mu aikin gida wanda ba na rubutu ba. Ya ce kowa ya je ya tambayi uwarsa ko ubansa wasan da suka yi suna yara, a koya masa, a yi tare a gida, sannan ya zo ya nuna wa aji. Yara suka fita suna murna. Ni na zauna a benci har ajin ya watse. Da ya tambaye ni dalili, na ce masa ba ni da uwa. Wata da ke leƙe ta taga ta ce ƙarya nake yi, uwata na nan da ranta, 'yar fari ce kawai. Malam bai yi dariya ba. Ya zauna a bakin benci ya ce shi ma ɗan fari ne, har gobe uwarsa "wancan dogon" take ce masa.

"Kada ki tsaya gabanta," ya ce. "Ki faɗa kina kallon wani wuri, yadda take yi miki. Za ta ji."

Haka na yi. Na same ta tana sheƙar gero a bakin rumbu, na juya mata baya, na fuskanci rumbun na zayyana masa saƙon Malam kaf. Faifan ya ɗan tsaya a hannunta, sannan ya ci gaba.

A yammacin ranar ne Baba ya yanke shawara. Ya ce yarinyar nan tana ƙarewa a gaban idonsa, tunda gidan bai karɓe ta ba, ranar kasuwa zai sa ni a mota ya kai ni Birnin Kudu wurin ƙanwarsa, ko canjin wuri zai sa ta ci abinci. Don tausayi ya faɗa, na sani. Na saci kallon Inna, ina jiran ko kalma ɗaya. Ta sunkuyar da kai tana tsince tsakuwa a wake. Yanzu na san uwa ba ta da bakin magana a kan ɗan fari, ko za a kai shi bangon duniya. A lokacin kuwa shirun nan ya gama tabbatar mini da abin da nake zato.

Ana gobe kasuwa, bayan la'asar, matan unguwa suka taru a tsakar gidanmu suna taya Inna ɓarar gyaɗa. Maza duk suna gona. Cikinsu akwai wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, maƙwabciyarmu, wadda bakinta ba ya hutawa. Ita ta tayar da zancen, wai jikarta ta hana ta sakat, malamin boko ya ce sai tsofaffi sun yi gaɗa. Ashe duk gidajen an kai saƙon. Aka yi ta dariya, wannan ta ce gwiwarta ta mutu, waccan ta ce in mijinta ya ji sai ta kwana a gidansu. Suna cikin haka tsohuwar ta miƙe, ta tamke zane a ƙugu ta fara tafi. Kafin ka ce me, an sa yaro ya tsare ƙofar zaure, matan aure sun ture kwandunan gyaɗa gefe sun yi da'ira da 'ya'yansu.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Mata masu 'ya'ya huɗu da biyar suna faɗowa suna ƙyalƙyala dariya, ɗankwali na tashi, goyo na kuka ana cewa ya yi haƙuri. Inna tana zaune a tabarma ita kaɗai, tana ɓarar gyaɗarta kamar ba a gidanta ake yi ba. Ni ma ina rakuɓe a jikin turmi. Tsohuwar nan ta hango ni, ta zo ta fizgo hannuna ta ce jikar mutanen Dingaya ba za ta bar gari ba a ga rawarta ba. Ta tsayar da ni a tsakiya.

Na waiga wajen tabarma, na ga wayam, sai kwando. Ban yi mamaki ba. Ai dole ta tashi, 'yar farinta ce a tsakiyar fili. Na ce a raina ta shige ɗaki. Na juya wa matan baya kamar yadda ake yi, na tsaya ƙiƙam, ƙafafuna sun ƙi motsi. Tafin ya fara sanyi, waƙar ta fara watsewa, don mai bayarwa ta gaji da jira.

Sai wata murya ta ɗauko wata waƙar daga bayana, a hankali. Ba a yin wannan waƙar a Gwaram. Ta Dingaya ce, wadda Kaka ke yi mini in tana tsifa, har da wurin da take jan ƙarshen baiti ta hanci. Matan ba su san amshin ba, sai suka bi da tafi kawai. Ban yi rawa ba, ban kuma yi shawara da kowa ba. Na rufe ido na saki jiki.

Hannuwa da yawa ne ke tare mutum a gaɗa, amma ni biyu na ji. Sun shigo ta ƙarƙashin hammatana sun harɗe a ƙirjina, suna ƙanshin ɗanyar gyaɗa da hayaƙi. Da na buɗe ido na ga awarwaron tagulla mai lotsawa a gefe. Ashe tun rasuwar Kaka yana hannun Inna, ta tura shi can sama ƙarƙashin hannun riga inda ba mai gani. Dokar wasa ita ce a cilla ka nan take. Ita ba ta cilla ni ba. Ta riƙe ni, bayana a jikin ƙirjinta, ina jin zuciyarta na bugawa da sauri kamar ta wanda ya yi gudu. Wani abu mai ɗumi ya ɗiga a wuyana. Ta kawo bakinta kusa da kunnena.

"Ni ma uwata ce," ta ce.

Wallahi har ranar ban taɓa tunanin haka ba. Ina ta jimamin kakata, ban san a ɗaki ɗaya nake kwana da marainiya ba, wadda kunya ta hana ta rungumi mutum ɗaya tak da ya san zafin da take ji. Na juya na cusa fuskata a cikinta na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ce ta cece mu, ta share idonta da bakin zane ta ce, "To, yau kuma ina aka ajiye kunyar?"

Inna ta sake ni da sauri, ta gyara ɗankwali, ta kalli katanga. "Wasa ne," ta ce. "Malam ne ya ce a yi."

Aka fashe da dariya, wasu na yi suna hawaye. Aka sake ɗaukar tafi, na faɗo har na rasa ƙidaya, duk faɗowa kuma hannuwan nan ne ke fara isowa. Da magariba na cinye tuwona na suɗe kwano, aka ƙaro mini ba tare da an dube ni ba.

Da safe Baba ya fito ya ce a ɗauko ƙunshin kayana kada mota ta tashi. Inna na durƙushe tana hura wuta. Ba ta juyo ba, ba ta ɗaga murya ba, murhu ta faɗa wa.

"Malam ya ce a koya wa yara wasa. Ba a gama ba."

Baba ya dubi bayanta, ya dubi kwanon kokon da ke hannuna wanda na kusa shanyewa. Sai ya yi gyaran murya ya ce ai maganar malamai ba a wasa da ita, ya saɓi fartanyarsa ya fita. Ban je Birnin Kudu ba sai da na girma, da ƙafata.

Inna ta rayu har ta ga jikokina, kuma har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba ko sau ɗaya. Bai ƙara damuna ba. Abin da na koya a ranar shi ne yaro ba ya gane son da aka ɓoye, komai yawansa, sai an bar shi ya taɓa shi ko da sau ɗaya ne. Manya kuma sau da yawa ba son ne babu ba, hanyar fito da shi ce suka rasa, wasa kuwa yakan ba su wannan hanyar ba tare da kowa ya ji kunya ba. Shi ya sa ko yanzu da gwiwoyina suka gaji, in yara sun dawo daga makaranta na ga wani ya yi shiru a gefe, ba na tambayarsa me ke damunsa. Tura awarwaron nan da Inna ta bar mini nake yi sama, in tsaya a bayansa, in ce ya faɗo.