Kawu Ɗan'ige da Shanun Alƙaliya

Har yau in na ji ƙamshin citta cikin shayi, sai in ga zaurenmu na Ƙofar Rini, in ga Kawu Ɗan'ige bisa buzu, kunnuwansa rufe da abin sauraren nan da ya zo da shi daga Turai, wayarsa na reto ba a jona ta ko'ina ba. Kun dai san ya daɗe yana tafinta a kotun duniya, inda ake shari'ar masu kisan jama'a lokacin yaƙi. Da matarsa Inna Hajo ta soma faɗa, sai ya ƙwama abin, ya ɗaga yatsa: "Dakata, Hajo, ba a buɗe layin Hausa ba."

Aƙidarsa ɗaya ce: duk abin da shaida ya faɗa sai ya fassara. Wai wani tsoho makiyayi ya shigo ba da shaida, ya soma gaida alƙaliya, Baturiya: ina kwana, ina gajiya, ya shanu? Kawu ya fassara duka.

"Ba ni da shanu," in ji ta.

Tsoho ya riƙe baki. "Ko guda? Allah sarki! Allah shi ba ki, ɗiyata."

Na ce, "Kawu, har wannan ka fassara?"

"Mi za ni bari? Sai da tac ce amin!"

Labarin da ya fi so shi ne na wata Bafulatana da aka kashe ɗanta na fari a gabanta. Aka ce ta faɗi sunansa, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Yaron nan." Lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe, wai uwar da ba ta san sunan ɗanta ba ai ƙarya take yi, a yi watsi da shaidarta.

"Sai nit tashi," in ji Kawu, yana miƙewa har shayi na zuba, "nic ce, ranki shi daɗe, wagga mata kunya taka ji. Garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan hwari. Ni ɗin nan, har uwata ta rasu 'kai wane' taka ce min! Ku hwaɗi sunan, ita ta gyaɗa kai."

Aka faɗa, ta gyaɗa kai, aka karɓi shaidarta. Mu kuwa mu yi ta dariya in yana kwaikwayon yadda lauyan ya koma kujera.

Sai bayan rasuwarsa Inna Hajo ta ba ni takardun akwatinsa in karanta mata, na ci karo da takardar sallama. Ashe tafinta ba shi da ikon faɗin maganar kansa a kotu. A kan matar nan ya rasa aikinsa, ya dawo ya ce mana sanyi ne ya koro shi.

Allah ya jiƙan ka, Kawu. Yadda ka tsaya wa wadda kunya ta rufe wa baki, Allah ya tsaya maka.