Yadda Jar Sandar Surukina Ta Isa Wara Baƙa

Asabar: Birnin Kebbi zuwa Shanga

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba na fito gida, jaka a kafaɗa, dogon kwali a hammata. A cikin kwalin akwai sandar fatsa ta zamani da mai ɗakina, Hajiya Kulu, ta sa aka kawo daga Legas domin mahaifinta, tsohon masunci da ke zaune a Wara, bakin tafkin Kainji. Tun da ƙarfi ya ragu Baba ya bar jefa birgi, wato ragar kamun kifi, ya koma zaman gaɓa da ƙugiya. Sandar na shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, ga ɗan keken naɗe zare, ga ta ja jawur tana walƙiya. Da za a kafa ta a tsakar gida, da mun sallami fitila.

Kulu ta rako ni bakin ƙofa. "Malam, aike na ba ka, ba gyara ba. Ka kai wa Baba ita yadda take."

"Haba Hajiya, ni ɗin?"

"Kai ɗin. Ina labarin keken ɗinkina?"

Gaskiyarta, domin tun da na gyara keken nan da baya yake ɗinki. Ta ce in na taɓa sandar, ta gama aikena har abada. Kada ku ɗauka ƙaramin hukunci ne. Shekara ashirin da biyu ni ne amintaccen jakadanta zuwa gidansu, kuma ban taɓa dawowa babu kwandon banda ba.

Motarmu ta tashi shida da kwata, mu bakwai a wurin mutum huɗu. Bayan Jega muka tarar da shingen bincike. Jami'in ya leƙo ya nuna kwalin. "Alhaji, mene ne wannan?"

"Makamin yaƙi da tarwaɗa ne, ranka ya daɗe."

Ya buɗe, hasken ya mare shi a ido, ya ja da baya. "Kai! Wannan ai ko makahon kifi zai hango ta. Da ni ne mai ruwan kakinmu zan saya." Muka wuce ana dariya, amma maganar ta shige ni kamar ƙaya.

Na sauka a mararrabar Shanga, na hau babur, sha ɗaya saura na isa gidan Bawa, abokina tun firamare. Bayan na yi maganin kwanon fura, ya ja ni bakin kogi wurin 'yan fatsa. Sandunansu duk na gora ne, sun yi duhu kamar ƙasan tukunya. Bawa ya ce a hayaƙin banda suke rataye su mako guda, don a kashe musu haske. Ni kuma baki ya ƙi zama, na zare tawa don a ga abin birni. Wallahi har tsuntsaye suka tashi daga bishiya.

Wani dattijo ya kare ido da hannu. "Malam, mi kifin Wara ya yi maka da za ka kore shi Neja? Kifi ba ya ƙifta ido. Da wannan ta haska ruwa, kai da kamu sai baɗi."

Na ce ina da umarnin kada in taɓa. Bawa ya ce, "To wa ya ce ka taɓa? Mu za mu taɓa." Na duba hujjar nan ta kowane gefe, ban ga inda take yoyo ba. Suka jiƙa tsumma, suka dangwali yashi mai laushi, suka murje sheƙin tas. Na ce wa zuciyata: ba gyara aka yi ba, ragewa aka yi.

Asabar da yamma: Yauri

Huɗu da minti goma na shiga Yelwan Yauri. Na ajiye jaka a masauki mai fanka mai kukan injin niƙa, na gangara bakin ruwa inda jirage ke sauke albasa da buhunan kifi. Nan na tarar da Mamman, mai fentin kwale-kwale, da majalisarsa ta masu fatsa. Na nuna sandar don a yaba aikin Shanga. Kuskure na biyu ke nan.

"Sun kashe haske sun bar ja?" in ji Mamman. "Mutanen Shanga fa! Ja ai shi ne abin gudun."

Kafin in buɗe baki majalisa ta rabu uku. Wani ya ce shuɗiya ce sanda, domin kifi in ya ɗaga kai sama yake gani. Wani ya ce kore, ta saje da burgu, ciyawar bakin ruwa. Wani siriri ya rantse da farar sanda ya kama giwan ruwan da sai da aka cire ƙofa kafin a shigar da shi gida. Aka ce masa gidan nasa ba shi da ƙofa tun farko. Har an fara naɗe hannun riga, Mamman ya buga gwangwani a ƙasa.

"Baƙi! Inuwa baƙa ce, kuma kifi bai taɓa gudun inuwar icce ba."

Ni ina son mutum mai hujja. Minti ashirin ya shafe ta baƙa wuluk daga gindi har baki. Na ci tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kurungu har sai da na kwance mazagi, na jingine sandar ƙarƙashin fanka ta bushe. Ina ji a raina Baba zai kira taron dangi ya sa mini albarka.

Lahadi: Wara

Shida da rabi muka bar Yauri. Hanyar Wara kuwa, akwai ramin da muka shiga da sallama, muka fito da addu'a. Na tambayi direba saura nawa, ya ce, "Saura rami arba'in, Alhaji." Goma saura kwata muka isa.

Duk surutuna, gaban suruki ni bebe ne. Na tuɓe takalmi tun daga zaure, na durƙusa, na gaishe shi kaina a ƙasa, na miƙa saƙo da hannu biyu. Baba ya shafa sandar tun daga gindi har baki, ya kai ta kusa da fuskarsa, ya daɗe. Ya ce, "Madalla. Mu tahi ruwa."

A gaɓa ya soka tana, ya jefa, ya ɗora sandar bisa gwafa. Kamun ƙasa yake yi, na tarwaɗa da kurungu, wanda ba a riƙe sanda a hannu, bakinta ake kallo. Da ya yi rawa, sai a fizga. Ba a jima ba bakin sandar ya girgiza. Baba bai motsa ba. Ya sake girgiza, ya sunkuya kamar mai gaisuwa. Baba na zaune. Suruki ba ya koya wa suruki sana'ar kakanninsa, sai na yi tari. Ya janyo zare, ƙugiya fayau. Sau uku kifi na cin tanarmu kyauta, sau uku ina tari, har ya ce in nemi magani.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam, ɗiyata ta ce mani ja ce za ta aiko."

Kafin in nemo abin faɗa, ya ci gaba.

"Idona ya yi hazo tun bara. Ita kaɗai na gaya ma, don kada a hana ni ruwa. Baƙin abu bisa ruwa ba ni ganinai. Ja kaɗai ni ka gani."

Nan na zube na faɗi komai: jami'i, Bawa, yashi, Mamman. Baba ya yi dariyar da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba, har rawaninsa ya karkace.

"Shekara sittin ina ruwan ga, kifi bai taɓa gaya mani launin da yake so ba. Duk kun tambayi idon kifi, ba wanda ya tambayi idon mai sanda."

Na ruga gari da gudun da rabona da shi tun ina makaranta, na dawo da kwalbar kananzir da tsumma. Allah ya taimake ni fentin Mamman bai gama kamawa ba. Na durƙusa ina murza, baƙi na komawa hannuna da rigata, har jan ya fito kamu ɗaya daga baki. Baba ya ce ya isa haka. Ya sake jefawa. Jan baki ya yi rawa sau ɗaya, tsoho ya zabura kamar saurayi, sai ga tarwaɗa. Zan ce ta kai cinyata, kuma duk wanda ya san cinyata ya san ba ƙaramar magana na yi ba. Kafin azahar ya ciro biyar.

Muna nan wayar Baba ta yi ƙara. Kulu ce. "Baba, ta iso? Ja ce ko?"

Na kafe shi da ido. Baba ya dube ni, ya dubi sandar. "Ta iso, ɗiyata. Inda ni ka kallo dai, ja ce."

Litinin: Gida

Bakwai na safe na baro Wara da kwandon banda, biyar da rabi na yamma na yi sallama a gida. Kulu ta karɓi kwando, ta shinshina iska, ta kama hannuna ta juya. Fentin Yauri na nan kwance a ƙarƙashin farce goma.

"Wannan fa?"

"Tayar mota na taimaka aka canza."

"Da kananzir? Baba ya kira ni bayan tafiyarka. Minti goma yana dariya kafin in gane abin da yake faɗa."

Hukunci ya fito haka: saboda roƙon Baba, ba a sauke ni daga jakadanci ba. Amma rediyon da za ta aika masa wata mai zuwa za a ɗinke shi a buhu, a danƙa wa direba, ni kuma in zauna a kujerar baya, hannuwana bisa gwiwa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Bawa da fura, Mamman da fentinsa marar kamawa, da Baba da ya rufa mini asiri na kwana ɗaya tak. Ni dai har yanzu ina ganin akwatin rediyon nan zai fi kyau da shuɗi.