Jiƙaƙƙen Buhun Zailani Mai Goro

Zailani taubashina ne, don haka ina da izinin faɗin abin da wasu ke rufewa. Goro ya sayar a kasuwar Baure tun yana saurayi, kuma goron ya koya masa magani guda tak a duniya: jiƙaƙƙen buhun algarara. Tulu ya yi zafi, buhu. Kai na ciwo, buhu. Wata bazara ya lulluɓe buhun gishirin matarsa Haulatu da shi, wai kada rana ta ɓata shi. Gishiri ya narke ya bi ƙasa. Ya tsaya yana musu cewa gishirin ne jabu, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Haulatu ta ajiye masa miya lami ta ce, "Malam, ga ta nan, ka sa mata buhu ta yi daɗi."

Shekaru kaɗan bayan an ƙaddamar da Shari'a, tsuntsayen jan baki suka sauko wa geron yankin. Wani attajiri ya yi hayar ƙaramin jirgin sama na feshi, aka share masa fili a bayan gari. Aka nemi amintaccen da zai yi gadin durorin man jirgin, kowa ya ce Zailani, don ko ƙwayar goro bai taɓa danne wa wani ba. Na ce masa ashe tsufa ya kai shi sama, saura fiffike.

Matuƙin wani yaro ne ɗan Dutsi, Munzali, mai fara'a. Baba yake kiran Zailani, kwano ɗaya suke ci.

Rana ta dinga dukan durorin, Zailani ya ji tausayinsu. Ya shimfiɗa musu buhuna a ka, yana yayyafa ruwa safe da yamma kamar yadda yake wa huhun goro. Ruwan ya riƙa kwanciya a bakin murfi, yana tsatsawa ciki. Wata safiya jirgin ya tashi, bai wuce kan kukoki ba inji ya yi tari ya ɗauke. A gonar gero ya faɗi. Munzali bai kai asibitin Daura ba.

Masu bincike suka sami ruwa a man. Ba su gama tambaya ba Zailani ya ɗauko buhunan da hannunsa ya nuna musu. Alƙali ya ce kuskure ne, mahaifiyar yaron ta yafe, aka ce ya yi kaffarar azumin wata biyu a jere. Ya yi. Da shekara ta zagayo ya sake, ta gaba ma ya sake, ga gyambon ciki yana cinsa. Ya rame har na daina tsokanarsa, ni da ko ranar aurensa ban raga masa ba. Goron ma ya bari.

A shekarar da Zailani ya rasu, ɗansa Amadu ya tara liman da dattawa don su hana shi azumin. Ina zaune a ƙofar ɗakin Haulatu ina jin su. Liman ya ce Allah bai ɗora masa fiye da sau ɗaya ba. Amadu ya ce ya tambayi masu aikin jirgi, sun tabbatar dokar matuƙi ce ya tsiyayi mai a 'yar kwalba ya duba ko da ruwa kafin ya tashi, to laifin ba na mai gadi ba ne shi kaɗai. Dattawa suka ce wannan gaskiya ne, ya sha ruwa ya huta.

Zailani ya ɗago kai ya dubi ɗansa.

"A da yana dubawa, Amadu, kullum. Ni na ji haushi, na ce masa ko bai yarda da Babansa ba ne. Ranar sai ya yi dariya, ya mayar da kwalbar aljihu."